Mu shida ne a guruf, amma ni kaɗai ke wahala

Anti, barka da ƙoƙari.

Ni ɗalibar jami'a ce a aji uku, sashen nazarin zamantakewa. Malaminmu ya raba mu guruf-guruf, ya ce mu shiga unguwa mu raba takardun tambayoyi 50 kan shaye-shayen matasa, mu rubuta rahoto, mu gabatar a gaban aji. Aikin maki 20 ne cikin 30 na CA, wato makin ayyukan da ake yi kafin jarrabawa, kuma abin da guruf ya samu shi kowa zai samu.

Mu shida ne. Ɗaya tunda aka fara ba mu ga ƙeyarsa ba, sai dai ya turo "Allah Ya ba da sa'a" a WhatsApp. Biyu sun ce su kuɗin firintin za su bayar, har yau shiru kake ji. Ɗaya mai goyo ce, ita kam ina yi mata uzuri. Ta ƙarshe ƙawata ce, ɗakinmu ɗaya, ta kwafo shafi uku daga intanet ta turo min ƙarfe ɗaya na dare wai ta gama nata.

Ni na sha rana, ni na biya kuɗin adaidaita. Saura kwana goma, ga CGPA ɗina, wato matsakaicin makina na duk karatun, 3.46, kaɗan ya rage in kai 3.50 in shiga 2:1, matakin digiri da ke bin na farko. Zuciyata na raya min in cire sunayensu, amma ina gudun a ce ba ni da kara. Ya zan yi?

Ɗiyarki da tura ta kai bango

'Yata,

Kada ki cire sunan kowa. Malam ne ya haɗa ku, shi ke da ikon rabawa. Idan kika yi gaban kanki, ke da aka cuta ke za ki koma mai ba da haƙuri.

Amma bari in faɗa miki wadda ba za ki so ji ba. Karar nan taki ce ta koya musu kwanciya. Tun ranar da kika hau adaidaita ke kaɗai ba ki ce uffan ba, suka gane an samu mai yi.

Yau da daddare ki rubuta a guruf ɗin, suna da suna: wane ga aikinka, wance ga naki, zuwa ranar kaza. Kwana huɗu ya isa. Ki haɗa da lissafin abin da kika kashe, a raba shida. Ba faɗa, ba habaici, don wataƙila Malam zai karanta saƙon nan wata rana. Mai goyo ki ba ta abin da za ta yi daga ɗaki, kamar ƙirga amsoshin takardun nan 50. Sau da yawa irinsu kunyar tambaya ce ke hana su, ba lalaci ba.

Ƙawarki ce ta fi ba ni tsoro. Kwafe ba ƙaramin laifi ba ne a jami'a, kuma idan aka kama, duk sunan da ke bangon rahoton ya shiga ciki, har da naki. Ita kada ki yi mata magana a guruf. Ki bari sai kuna cin abinci ku biyu, ki ce mata, "Wallahi wannan zai ja mana, zo mu zauna ki sake shi da bakinki."

Idan kwana huɗun suka cika ba labari, ki nemi wakilin aji ya raka ki ofishin Malam, tun da sauran kusan mako. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙorafin da aka kai bayan an manna sakamako ba kasafai yake canza maki ba. Kuma kada ki shiga da kuka, ki shiga da tambaya: "Malam, ko za ka yarda mu sa shafi ɗaya a ƙarshe da ke nuna wa ya yi me?" Malamai da yawa sun san wannan ciwon, shi ya sa wasunsu ranar gabatarwa sukan nuna wanda ya fi laɓewa a baya su ce shi zai yi bayani. Wannan ma ki sanar da mai "Allah Ya ba da sa'a", ki tura masa rahoton kwana biyu kafin ranar.

Antinki