Zazzaɓin da ke kwanciya a hanta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena ya yi zazzaɓin cizon sauro da damina, ya sha magani ya warke sarai. Bayan wata biyar, ana tsakiyar sanyi, ko kukan sauro ba ma ji, zazzaɓin ya sake kada shi, gwajin jini kuma ya nuna maleriya ce. Ta ina ta shigo? Kuma zai iya sa wa yarana?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya. Ban duba shi ba, amma zargina ya fi karkata ga cewa cutar ba shigowa ta yi ba, dama tana ciki.

Ƙwayar maleriya iri-iri ce. Falsifarum, wadda ta fi kisa, idan aka kashe ta a jini shi ke nan, sai dai sabon cizo. Amma bibas da obale suna da wata dabara. Idan sauro ya yi cizo, ƙwayoyin duka hanta suke fara zuwa; bayan 'yan kwanaki wasu su fito cikin jini su kawo zazzaɓi, wasu kuma su laɓe a hantar su yi barci. Maganin da aka saba bayarwa jini yake wankewa, ba ya taɓa masu barcin, gwajin jini ma ba ya ganinsu. Sai a 1980 aka fara ganin irinsu da madubin likita, duk da an daɗe da sanin aikinsu: a 1900 ɗan da wani likita mai suna Patrick Manson ya haifa ya bari sauro mai ɗauke da cutar ya cije shi a Landan, ya warke, bayan wata tara zazzaɓin ya dawo masa.

Abin da ya fi ba ni mamaki tun ina ɗaliba shi ne yadda lokacin farkawarsu ya dace da rayuwar sauro. A ƙasashe masu zafi kamar Niyu Gini, inda sauro ba ya yankewa, bibas kan farka duk bayan kimanin mako uku. A wurare masu sanyi kamar Koriya kuwa, takan kwanta wata takwas zuwa goma, ta tsallake hunturu, ta tashi daidai lokacin da sauro ya dawo. Jikin mutum ne rumbunta. Ga kuma wani abin: nau'in bibas da sauro ke ɗauka yakan bayyana a jini da wuri, wani lokaci tun kafin mutum ya ji ciwon kai. Kafin ya je asibiti, sauro ya riga ya kwasa. Cizo ɗaya ke nan ya haifi zazzaɓi uku ko huɗu, kowanne kuma sabuwar dama ce ta yaɗuwa. Shi ya sa a ƙasashen da gidan sauro da feshi suka karya lagon falsifarum, bibas ce ke saura tana ba ma'aikatan lafiya wahala.

Game da yaranki, ba a ɗaukarta ta numfashi ko cin abinci tare. Sai sauro ya cije shi sannan ya cije su, don haka kowa ya kwana cikin gidan sauro, har da shi.

Ku koma asibiti ku nemi a tantance wace iri ce. Idan bibas ce ko obale, yana buƙatar maganin da ke bin ta har hanta: firimakwin, wanda aka saba sha kwana 14, ko tafenokwin da ake sha sau ɗaya. Ina roƙonki kada ku saya da kanku. Sai an yi gwajin G6PD, wani sinadari da ke cikin jini, tukuna, domin mai ƙarancin wannan sinadari maganin na iya farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini, kuma ba a ba mai juna biyu. Idan an rubuta masa, ki sa masa ido ya shanye, don a kwana na huɗu ko na biyar, da jiki ya yi daɗi, mutane da yawa ke ajiye shi.