Haruffan burushi a allon shago: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sayar da turaren wuta da humra a Hotoro, kuma na tsara allon shagona a waya da irin rubutun nan mai kama da wanda aka ja da burushi. Da aka buga, sai harafin ƙ na kalmar "ƙamshi" ya fita daban da sauran, sannan daga tsallaken titi ba a iya karanta lambar wayata. Me ya jawo haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Laifin ba na wayarki ba ne. Yawancin waɗannan haruffa don harsunan Turai aka zana su. Brush Script, wanda ya cika allunan garin nan, Robert E. Smith ne ya zana shi a Amurka a 1942, shi kuwa Mistral, Roger Excoffon ya fitar da shi a Faransa a 1953 bisa kwaikwayon rubutun hannunsa. Babu wanda ya yi tunanin ɓ, ɗ da ƙ a cikinsu, saboda haka idan manhaja ta nemi harafi mai ƙugiya ta rasa, sai ta aro shi daga wani salon rubutun, ko kuma ta ajiye ɗan akwati a gurbinsa. Kafin ki zaɓi kowane salo, ki fara rubuta "ƙaiƙayi, ɗanɗano, ɓarna" da shi, ki ga yadda za su fito. Kada ki yarda a cire ƙugiyar don a huta, domin "kafa" da "ƙafa" ba abu ɗaya ba ne.

Batun lambar waya kuma, aikin da bai dace da shi ba kika ba rubutun. Masu fentin bayan manyan motoci sun daɗe da sanin cewa jan burushi na kalma ɗaya ne ko biyu, masu girma, waɗanda za su kama ido. Ki bar masa sunan shago kawai, ki rubuta lamba da adireshi da miƙaƙƙen salo irin Noto Sans, wanda kyauta ne kuma yana ɗauke da haruffan Hausa. Mai wucewa a adaidaita sahu ba zai tsaya yana tantance 1 da 7 ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai, kuma nakan gan shi a katunan biki, shi ne a rubuta kalma gaba ɗaya da manyan baƙaƙen rubutun burushi. An zana salon ne don babban harafi ya buɗe kalma, ƙananan su biyo a sarƙe da juna, shi ya sa buɗa tazara tsakaninsu ma yake tsinka rubutun.

Idan a manhajar zane ta CorelDRAW za a ƙarasa aikin, ki ce wa mai tsarawa ya mayar da rubutun ya koma zane ta hanyar danna maɓallan Ctrl+Q kafin ya kai maɗaba'a, don kada kwamfutar can ta sauya salon idan ba ta da shi.