Zan iya ɗura antifiriz a galan da sunan shagona in sayar a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon kayan gyaran mota a gefen birnin Atlanta, jihar Jojiya. Na lura antifiriz na duro ya fi na galan araha nesa ba kusa ba. Shi ne nake tunanin in riƙa ɗurawa a galan-galan, in buga takarda da sunan shagona in manna, in sayar a nan, in kuma tura wa abokaina a Fulorida da Karolina ta Arewa. Wani ya ce mini lasisin shago ya wadatar. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, bai wadatar ba, kuma gara da ka tambaya kafin ka buga takardun. Lasisin shago izini ne na buɗe shago. Amma daga ranar da sunanka ya hau jikin galan, a wajen hukuma ka tashi daga ɗan kasuwa mai sari ka koma mai kaya, kai za a kama da duk abin da ke ciki ko da ba kai ka haɗa shi ba.

Saboda masu karatu na gida: antifiriz shi ne ruwan da ake zuba wa lagireto don kada ya daskare da hunturu, kada ya tafasa da wuri, kada kuma injin ya yi tsatsa. A wajenmu da yawa ruwan famfo muke ɗurawa mu wuce, a can kuwa ruwa zalla sai ya zama ƙanƙara ya fasa injin.

Babu wata takarda guda ta tarayya da za ta buɗe maka jihohi 50. Kowace jiha da nata tsarin, wasu ma ba sa neman rajista sam. Sai dai ka yi rashin sa'a, domin ukun da ka ambata duk suna nema, kuma a ukun ma'aikatar gona ce ke riƙe da aikin. Kada ka yi mamaki, ita ce ke duba ingancin fetur da ma'aunin gidajen mai a waɗannan jihohi. Dokar Karolina ta Arewa ta 1975 ce, ta Fulorida ta 1978. A Okalahoma kuwa hukumar da ke kula da harkar mai da gas ce ke ba da izinin. Abin da suke nema kusan iri ɗaya ne: takardar neman rajista, kwafin takardar da za ka manna, sakamakon gwaji daga ɗakin gwajin da ba naka ba ko samfurin kayan, da kuɗin rajista. Ana biya ne a kan kowane suna, ana kuma sabuntawa idan wa'adi ya cika. Rajistar kamfanin da ya sayar maka da duro tana kan sunansa ne, ba ta bin ruwan zuwa cikin galan ɗinka.

Gwajin ana yin sa ne bisa ma'aunin ASTM, wato ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin gwajin ingancin kaya: D3306 na ƙananan motoci, D6210 na manyan injinan dizal. Ana duba sanyin da ruwan ke daskarewa, zafin da yake tafasa, kumfa, da yadda yake cin ƙarfe. A gwajin tsatsa ana jiƙa 'yan guntayen tagulla, dalma, farin ƙarfe, alminiyom da sauransu a cikin ruwan mai zafi tsawon mako biyu, a ciro a auna nawa kowanne ya zaizaye. Nan ne masu haɗin bayan gida ke faɗuwa.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya, wato takardar jikin galan. Mafi yawan antifiriz da sinadarin etilin gilaikol ake yin sa. Yana da ɗan zaƙi, ba shi da wari, kuma guba ne: idan ya shiga jiki hanta na juya shi zuwa sinadaran da ke lalata ƙoda. Yaro ko kare na iya lasar wanda ya zube a gareji. Shi ya sa a nan dokar tarayya ta shigo. Duk abin da ke da kashi 10 cikin 100 ko fiye na wannan sinadari dole ya ɗauki kalmar "WARNING" da jimlar "Harmful or fatal if swallowed", ma'ana shan sa na iya cutarwa ko kisa, tare da bayanin taimakon farko da gargaɗin a nisanta shi da yara. Dokar 1970 kan marufin kayan guba kuma ta wajabta murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba, irin wanda sai ka danna sannan ka murɗa. Jarkar da ka samo a kasuwa mai murfi sakaka ba za ta yi ba.

Sai maganin ɗaci. Oregon ce ta fara wajabta shi a 1991, Kalifoniya ta biyo a 2002, kuma Jojiya taka tana cikin jihohin da suka yi dokar. Sinadarin denatoniyom benzowet ake sakawa, kashi 30 zuwa 50 cikin miliyan, don duk wanda ya ɗanɗana ya tofar. A 2012 manyan kamfanonin suka amince da kansu su riƙa saka shi a kayan da suke kai wa shaguna a faɗin ƙasar. Ga tarkon da ya shafe ka kai tsaye: wasu dokokin, kamar na Kalifoniya, sun cire duro mai galan 55 ko fiye daga wannan sharaɗi. Ke nan duron da ka saya yana iya zuwa ba ɗaci, kai kuma ka ɗura wa masu gida.

Sauran abin da takardar za ta nuna: sunan kayan, sunanka da adireshi, yawan abin da ke ciki, da ko tsantsa ne ko an riga an sirka. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Rabi da rabi da ruwa na jure sanyi har kusan digiri 37 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, alhali tsantsar etilin gilaikol na daskarewa tun wajen digiri 13 ƙasa da sifili. Wanda ya ƙara wa sirkakke ruwa don takardarka ba ta faɗa masa ba, kai ka jawo masa. Kada kuma ka rubuta "ya dace da kowace mota" don kawai launinsa kore ne ko ruwan lemo. Launi rini ne, ba shi ke nuna irin maganin tsatsan da ke ciki ba.

A ganina, ga shago ɗaya, ribar duro ba za ta ɗauki kuɗin gwaji da rajista uku da galan na musamman ba. In kana son sunanka a jiki, nemi kamfanin da ke ɗura wa 'yan kasuwa da sunayensu, ku rubuta a yarjejeniya wa zai yi rajista a wace jiha. Kada ka tura ko katan ɗaya Fulorida sai takardar rajistar ta zo hannunka, domin sufeto na shiga shago ya ɗauki galan a kan kanta, in bai ga sunan a rajista ba ya ba da umarnin dakatar da sayarwa, kayan su zauna a shagon abokinka ba damar taɓawa.