Injin ban ruwa ko taki: wanne zan fara saya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Gonar shinkafata ba ta kai hekta ɗaya ba, kuma ita ce ke ciyar da mu takwas a gida. Duk shekara nakan karɓi iri da taki bashi a hannun wani dillali, da kaka in biya shi da shanshera a farashin da ya ga dama. Bana na ɗan tara kuɗi. In ƙara da bashi in sayi injin ban ruwa don noman rani, ko in sayi kayan noman damina da kuɗina?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka jinkirta injin nan tukuna. Abin da ke cinye guminka yana cikin wasiƙarka: kana rabuwa da shinkafarka da kaka, lokacin da ta cika kasuwa farashi ya faɗi, kuma mai binka bashi ne ke yanka kuɗin. Bayan 'yan watanni gida ya koma sayen abinci da tsada. Injin bashi zai ƙara maka mai binka na biyu ne, ga kuɗin mai, ga gyara.

Ka sayi ingantaccen iri da taki da kuɗin hannunka. Idan irin ba na haɗi ba ne (shi na haɗi sai an sabunta shi duk shekara), kana iya ware iri daga gonarka na kaka biyu ko uku. Ka yi dashe a layi da 'ya'yan da ba su wuce makonni uku ba; yana rage ɓarnar iri, ciyawa ma ta yi sauƙin cirewa. Yuriya kuwa, wato farin takin zamani, kashi 46 cikin ɗari nata sinadarin nitirojin ne, mai saurin bin ruwa da iska, don haka kada ka zuba ta gaba ɗaya. Raba ta biyu: lokacin da shinkafa ke yin 'ya'ya daga gindi, sai kuma dab da ta ɗauki ciki.

Abin da ya ragu, sayi tamfol. Mutane na raina shi, ni kuwa na fi ganin amfaninsa a kan kayan da ake tallatawa. Shanshera da aka shanya a kansa ta bushe sosai, danshinta ya sauka zuwa kashi 14, tana ajiyuwa ba ta ruɓewa, ba tsakuwa, ba ta yawan karyewa wajen casa. Da ita za ka iya jira har farashi ya ɗaga.

In noman ranin ya tsaya maka a rai, yi hayar inji kaka ɗaya, ka rubuta duk abin da ka kashe a mai. Lissafin zai gaya maka ko ku haɗa kuɗi da maƙwabtan gona ku sayi ɗaya tare.