Kafin ka karɓi aikin tabul-ban na lakwal

Ka ce wani mutum ya zo maka da aikin tabul-ban sittin, wato tebur haɗe da benci na ƴan makaranta, na wata lakwal ta gwamnati a nan Yamai, shi zai kawo ƙarfe da katako, kai aikin hannu kawai za ka yi, a biya ka bayan an karɓi kaya. Kana tambayata nawa za ka yanka masa a kan kowane ɗaya. Yaro, bar maganar kuɗin hannu tukuna. Kalmar nan da ya faɗa, cewa shi zai kawo ƙarfe, ita ce ta sa na ajiye abin da nake yi don in ba ka amsa.

Fara da sanin wanda zai biya. Diraktan lakwal ba shi da asusun sayen tebur, kuka kawai yake kai wa na sama da shi. Kuɗin ko dai daga ma'aikatar magajin gari suke fitowa, ko daga gwamnati, ko wata ƙungiya mai taimako, ko kuma karo-karon iyaye ta hannun COGES, kwamitin da ke kula da harkokin lakwal. In na COGES ne, aikin ƙarami ne amma hanyarsa gajera ce: shugaban kwamiti da ma'aji su zauna da kai, dirakta yana wurin, a rubuta a sa hannu. In babban aiki ne, to akwai wanda ya ci kasuwar, sunansa ne a takardar oda, shi za a biya bayan kwamitin karɓar kaya ya duba ya sa hannu. Kai ba ka cikin ko wace takarda. In ya karɓi kuɗi ya kashe wayarsa, babu ofishin da ya san da zamanka.

Wani ɗan kwangila ya yi mana irin wannan a shagon nan, har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Ya zo da babbar riga da magana mai daɗi, ya ce a yi masa samfuri guda. Aka yi masa da tib kare, wato bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, mai faɗin milimita 25, kaurin jiki milimita ɗaya da rabi, jan katako busasshe, walda ta zagaye kowace mahaɗa. Ya ɗauka ya kai aka gani, aka yaba, aka ba shi aikin. Ya ba mu kashi ɗaya, muka saya ƙarfe da kuɗinmu a kasuwar Katako don ya ce alkawarin kuɗin somin aiki na nan tafe. Ashe sauran ya rarraba wa wasu yara a bakin titi, ya kawo musu ƙarfe mai kamar gwangwanin madara, suka ɗiga walda a kusurwa biyu, suka cike ramuka da mastik, aka shafe da baƙin fenti. Ranar karɓar kaya namu ya jera a gaba, nasu a baya. Kafin hutun ƙarshen Disamba ƙafafu sun fara buɗewa, wani benci ya zube da yara a kai, Allah ya kiyaye ba a karye ba. Da aka tambaye shi wa ya yi aikin, sunan shagon nan ya faɗa, tunda samfurinmu aka sani. Ragowar kuɗinmu ya riƙe, wai mu ne muka ɓata masa suna. Kuɗin sun tafi, na bar shi da Allah. Abin da ban yafe ba shi ne diraktocin da suka daina gaishe ni a kan tebur da hannuna bai taɓa ba. Tun daga lokacin duk abin da ya fita daga nan sai an buga masa alamar shago da guduma a ƙarƙashin sandar tsakiya, kuma a rubuta adadinsa a takardar da mai karɓa zai sa wa hannu.

Saboda haka ƙarfe kai za ka saya, ko a saya kana tsaye. Kada ka yarda da ido, fenti da mai suna ɓoye kauri. In ba ka da ma'aunin kauri, ɗora sandar a sikeli. Tib kare mai 25 na mita shida, in kaurinsa ɗaya da rabi ne, nauyinsa kilo shida da rabi ne ko sama kaɗan. In ka ga kilo huɗu da rabi, milimita ɗaya ne, mayar musu. Ka auna tsawon ma, sanda da yawa ba ta cika mita shida, kuma tabul-ban ɗaya yana cin kusan sanda biyu. In ka yi lissafi a kan shida cif, kafin ka kai na sittin za ka ga ƙarfe ya ƙare.

Yanka da haɗa kusurwa ba zan tsaya koya maka ba, in har yanzu ba ka iya ba to zaman banza ka yi a wurina. Abin da ku yaran yanzu ba ku da haƙurinsa shi ne walda. Kuna ɗiga ɗigo biyu, ido na kan waya, ku ce an gama. A takarda tabul-ban na yara biyu ne, tsawonsa santimita 120. A aji yara uku ne a kai, wani wuri huɗu, suna lilo da shi, suna jansa a ƙasa, lokacin shara a kifa shi a kan wani. Kowace mahaɗa sai walda ta zagaye gefe huɗu. Yi amfani da baget, wato sandar walda, mai milimita 2,5, wuta tsakanin amfiya 60 da 80, kana yi kana ɗagawa don kada ta huda tib. Ka kakkaɓe ƙurar walda ka duba da idonka kafin ka gurje. Gurzar ma ba ado ba ce, tsinin da ka bari shi zai yage ƙafar yarinya ƴar shekara bakwai. Kada ka bar bakin tib a buɗe, ruwa da yashi su shiga su ci shi daga ciki, ka toshe da ɗan faranti. Sannan maganin tsatsa tukuna, ya bushe, kafin fenti.

Tambayi dirakta wane aji za a kai su. Ɗan CI, ajin farko, ba tsawonsa ɗaya da ɗan CM2, aji na shida, ba. Na ƙanana tebur kada ya wuce santimita 55 zuwa 60 daga ƙasa, mazauni wajen 33; na manya tebur wajen 70, mazauni 40. Na sha ganin yaran CI ƙafafunsu na reto, haɓarsu a kan tebur, wai suna koyon rubutu. Ka tambaya kuma ko ajin na siminti ne ko na zana. A ajin zana daɓen yashi ne, ƙafa mai tsaye ita kaɗai nutsewa take, tebur ya karkace, mahaɗa ta tsage. Dole ka haɗa ƙafafun kowane gefe da sanda kwance a ƙasa.

Katako kuwa, jan katako busasshe, bayan an goge kaurinsa kada ya gaza santimita biyu da rabi. Farin katako yana da araha, gara ma tana sonsa. Ɗanye ko ja ne hunturu zai murɗe shi ya tsage daga wurin ƙusa. Kwantirfilake, wato falankin da aka manna faifai-faifai, ba na saman tebur ba ne, damina ɗaya ya ɓare. Ka ɗaure da bulon mai milimita 6 mai kan kwano, kan yana sama, noti a ƙasa, ka ɗan taɓa notin da walda. In ba haka ba yara za su kwance shi da hannu su yi wasa da shi, mako biyu katakon ya ɓace.

In kana son aikin lakwal na gaskiya, wanda babu ɗan tsakiya, gyara ne. Kowace lakwal tana da tarin karyayyun tebur a bayan aji ko a ɗakin ajiya, yawancinsu ƙarfen lafiya lau, katako da walda kaɗan suke so. Lokacinsa babban hutu ne, daga Yuli zuwa Satumba, kafin a koma a Oktoba. Ka zagaya da dirakta da mutumin kwamiti, a ware su kashi uku: mai son katako kawai, mai son walda, da wanda ya mutu, wanda za ka yanka ka yi wa sauran faci da shi. Kowane kashi da kuɗinsa, a rubuce, rabi a hannu kafin ka kunna inji.

In a cikin lakwal za ka yi waldar, nisanci ajin zana da taku mai yawa, ka duba inda iska ke kaɗawa, ka ajiye bokitin ruwa da na yashi kusa. A watan Afrilu 2021 gobara ta cinye ajujuwan zana a unguwar Pays-Bas, yara kimanin ashirin suka rasu, yawancinsu ƴan ƙanana. Busasshiyar zana tartsatsi ɗaya take jira. In ka gama, ka zauna rabin awa kana kallon wurin kafin ka naɗe waya ka tafi.