Filin Tambaya da Amsa: Da gaske jarumar Mother India ta auri ɗanta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, wanda ya sha kallon fina-finan Indiya a silima tun yana saurayi, yakan ce wai matar da ta fito a matsayin uwa a fim ɗin Mother India ta auri ɗanta daga baya. Malam, mene ne gaskiyar wannan magana, kuma wace ce matar? Daga wata mai karatu a Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Baba bai yi ƙarya ba, sai dai ɗan na fim ne, ba na cikinta ba. Matar ita ce Nargis, ɗan kuwa Sunil Dutt, kuma tsararraki ne, domin dukansu a watan Yuni na 1929 aka haife su, ta girme shi da kwana biyar kacal.

Sunanta na yanka Fatima Rashid, kuma a Kalkata aka haife ta. Mahaifiyarta Jaddanbai, wadda mawaƙiya ce mai shirya fim, ita ta fara sa ta a gaban kyamara a 1935. Darakta Mehboob Khan ya ba ta jagorancin fim ɗin Taqdeer a 1943 tana da shekara 14, daga nan ta yi fina-finai 16 tare da jarumi Raj Kapoor, ciki har da Awaara na 1951.

Amma Mother India na 1957 shi ne ya kafa sunanta. Ta fito a matsayin Radha, matar manomi, wadda surukarta ta ranci rupi 500 da ruwa domin hidimar biki, bashin ya yi ta hayayyafa har mai kuɗin yana kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gona. Mijinta ya rasa hannayensa biyu a gona, ya bar gida saboda baƙin ciki, ita kuwa ta ɗaura ɗamara ta ja garma da kafaɗarta domin ta ciyar da 'ya'yanta. A ƙarshe ta harbe ɗanta Birju (Sunil Dutt ke nan) da hannunta sa'ad da ya sace 'yar mai ba da bashin, domin a ganinta mutuncin 'yar ƙauyensu ya fi ƙarfin son ɗa. A ganina, abin da ya sa iyayenmu suka riƙe fim ɗin ke nan, domin duk manomin ƙasar Katsina da ya taɓa cin bashi da damina ya biya da kaka ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane halin da Radha take ciki. Tana da shekara 28 fim ɗin ya fito, amma ta taka rawar tun daga amarci har tsufa.

Ana cikin ɗaukar fim ɗin ne wutar da aka kunna ta fi ƙarfin ma'aikata ta rutsa da ita, Sunil Dutt ya kutsa ya fito da ita, shi ma ya ƙone. Ita ta yi jinyarsa, suka yi aure a watan Maris na 1958, bayan nan ta ja baya da harkar fim, ko da yake fim ɗin Raat Aur Din na 1967 ya ba ta lambar yabo ta ƙasa.

An naɗa ta 'yar majalisar dattawan Indiya a 1980, ta rasu ranar 3 ga Mayu, 1981, sakamakon ciwon daji. Ɗanta na cikinta shi ne Sanjay Dutt, wanda Rocky, fim na farko da ya jagoranta, ya fito kwanaki kaɗan bayan rasuwarta.