Gidan Biltmore: me ya sa masu shi suke barin baƙi su shiga?

Tambaya: Malam, ɗana da ke karatu a jihar Karolina ta Arewa a Amurka ya turo min hotunan wani katafaren gida mai lambuna, wai shi Biltmore. Ya ce sai da ya yanki tikiti ya shiga, kuma har gobe gidan yana hannun zuri'ar wanda ya gina shi. Ta yaya mutum zai bar baƙi suna yawo a ɗakin kakansa?
Daga wata uwa

Amsa: Hajiya, Allah ya raya miki shi, ya ba shi sa'ar karatu. Na taɓa shiga gidan nan, kuma abin da ya ɗaure miki kai ni ma ya ɗaure min, sai da na ga girmansa da idona.

George Vanderbilt, jikan hamshaƙin attajiri Cornelius Vanderbilt, shi ya sa aka fara ginin a 1889 kusa da garin Asheville. Shekara shida ana aiki, aka tare a ƙarshen 1895. Ɗakuna 250 ne, a ciki akwai ɗakin kwana 35, banɗaki 43, da murhun ɗumama ɗaki 65. Ki duba kuɗin gyaran rufi kaɗai, balle na ma'aikata. Irin wannan gida ci yake yi kullum, ko da kowa a ciki ko babu.

George ya rasu a 1914, matarsa Edith ta sayar wa gwamnati da kusan eka 87,000 na dajin, ya shiga cikin gandun dajin Pisgah. A 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, 'yarsu Cornelia da mijinta John Cecil suka buɗe ƙofa ga jama'a, don garin ya samu baƙi, gidan kuma ya samu abin riƙe kansa. A ganina sun yi dabara. Da sun kulle shi saboda kishin gado, da wuya ya kawo yau.

Abin da ya fi tsaya min a rai yana ƙasa, a ɓangaren ma'aikata. Tukwanen tagulla suna nan rataye a kicin, ga ƙananan ɗakunan da masu aiki suke kwana. Na daɗe a tsaye ina tunanin hannuwan da suka goge tukwanen nan, waɗanda ba a rataye hotonsu a falo ba.

Lambun kuwa aikin Frederick Law Olmsted ne, wanda ya yi tsarin Central Park na birnin New York tare da abokin aikinsa. Ƙasar da ya tarar noma da saran itace sun gajiyar da ita, sai ya ba da shawarar a mayar da yawancinta daji. Hanyar shiga mil uku ce, tana lanƙwasa cikin bishiyoyi, ba za ki hango gidan ba sai kin zo daf da shi.

Ki ce wa yaron ya koma a watan Afrilu, lokacin da furanni suke buɗewa a lambun da aka kewaye da katanga, kuma wannan karon ya sauka ƙasa ya ɗauko miki hoton kicin ɗin.